Idan Fayil Ya Yi Shiru: Yadda Shaidar Aboki da Iyali ke Aiki a Neman Diyyar Tsofaffin Sojojin Amurka

Da tsakar daren 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a hawa na shida na ginin da gwamnatin Amurka ke ajiye fayilolin sojojinta, a gefen birnin St. Louis da ke jihar Mizuri. Kafin a shawo kanta, fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18 sun salwanta, kuma ba a taɓa yi musu kwafi ba. Na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960, kusan kashi 80 cikin 100 suka tafi. Wato mutanen da suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin Koriya, yawancinsu aka wayi gari babu takardar da za ta nuna ranar da suka je asibitin bariki, ko abin da likita ya rubuta a kansu.

To, a ce ɗaya daga cikinsu ya tsufa, kafaɗarsa ta hana shi ɗaga hannu, ya zo ya ce tun a filin horo ta goce. Takarda ta zama toka. Me ya rage masa? Mutane. Wanda suka kwana ɗaki ɗaya a bariki, da ƙanwar da ta ga yadda ya dawo gida, da matar da ta shekara talatin tana taimaka masa wajen sa riga.

Ba sai an yi gobara ake shiga wannan hali ba. Soja a ko'ina mutum ne da aka koya wa cije haƙora. Wanda ya cika zuwa asibiti ana yi masa kallon rago, wani lokacin ma ƙarin girma ya wuce shi. Saboda haka da yawa sukan sha maganin ciwon jiki su ɗaura takalmi su fita fareti, fayilinsu ya kasance fes, gwiwa kuwa tana ci gaba da lalacewa. Bayan shekara goma ko ashirin, wannan fayil mai tsabta shi ne yake zama abokin gabarsu.

A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, ita ke biyan diyyar nakasa ga wanda aikin soja ya jawo masa ciwo ko ya ƙara tsananta masa wanda yake da shi. Kuɗi ne na wata-wata, ba a cire musu haraji, kuma daban suke da fansho. Ana auna nakasar da kashi-kashi, daga sifili zuwa 100, ana hawa goma-goma. A 2025 mai kashi 10 yana karɓar kimanin dala 175 a wata, mai kashi 100 da ba shi da iyali kuma fiye da dala 3,800. Tazarar ba ƙarama ba ce, shi ya sa kowace hujja take da nauyi.

Neman yana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko, a nuna akwai ciwon yanzu. Na biyu, a nuna wani abu ya faru lokacin aiki: rauni, ko cuta, ko wani mummunan lamari. Na uku, a nuna alaƙa tsakanin na farko da na biyu. Idan dutse ɗaya ya ɓace tukunya ba ta zama. Na farko galibi aikin likita ne, na uku ma yawanci likita ake jira ya yanke. Na biyu ne filin shaidar mutane. Akwai kuma wani abu na huɗu da ke zuwa bayan an amince da neman, wato tsananin ciwon, wanda shi ke yanke yawan kuɗin, kuma a nan ma bakin mutanen gida yana da tasiri fiye da yadda ake zato.

Takardar da irin waɗannan mutane ke rubuta shaidarsu a ciki, tsofaffin sojojin kan kira ta wasiƙar aboki, ko da kuwa uwa ce ta rubuta. Ma'aikatar tana da fom na musamman dominta, mai lamba 21-10210. Kafin a fitar da shi, an fi amfani da tsohon fom mai lamba 21-4138, wanda har yanzu yana nan. Ba a buƙatar hatimin lauya ko rantsuwa a gaban wani jami'i. Mai shaida zai rubuta sunansa da yadda za a same shi, ya faɗi abin da ya sani, ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa abin da ya faɗa gaskiya ne iyakar saninsa. Sauƙin abin ne ma yake yaudarar mutane, su ɗauka kowane rubutu ya wadatar.

Iyakar abin da ido ya gani

Dokar da ke ƙasan duk wannan magana guda ce, kuma Bahaushe ya riga ya faɗe ta: gani ya kori ji. Tun a 1994, a shari'ar Layno, kotun tsofaffin sojoji ta bayyana cewa mutumin da ba likita ba yana da ikon ba da shaida a kan abin da ya riska da gaɓoɓinsa, abin da ya gani, ya ji da kunnensa, ya taɓa, ya shaƙa. Yana iya cewa na ga ya faɗo daga bayan mota, na ga gwiwar ta kumbura, na ga yana ɗingishi har muka bar sansanin. Abin da ba shi da hurumi a kai shi ne ya ce jijiya kaza ce ta tsinke, ko guringuntsi ne ya zaizaye.

Sai dai layin da ke tsakanin abin da kowa zai iya ganewa da abin da sai likita bai miƙe sambal ba, kuma shari'o'i da dama a kansa aka yi su. Wadda ta fi shahara ita ce ta Jandreau a 2007. Mutumin ya yi aikin sojan ƙasa a ƙarshen shekarun 1950, ya ce kafaɗarsa ta goce lokacin horo, fayilinsa kuma yana cikin waɗanda gobarar St. Louis ta cinye. Ya kawo takardar wani abokin aikinsa da ya tuna irin azabar da ya gan shi a ciki. Aka ƙi, bisa hujjar cewa faɗin sunan ciwo aikin likita ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wannan ƙa'ida ta yi faɗi da yawa. Shaidar wanda ba likita ba tana iya tabbatar da ciwo idan ciwon irin wanda kowa zai gane ne, ko idan yana maimaita abin da likita ya faɗa a lokacin, ko idan alamomin da ya bayyana sun dace da abin da likita ya gano daga baya. Kotun ta ba da misali: karayar ƙafa kowa zai gane ta, amma nau'in sankara sai masani.

Wani ɓangare na wannan hukunci da ba a cika ambata ba shi ne kotun ta ƙi yarda cewa ƙonewar fayil ita kaɗai ta isa a ɗauka maganar sojan ta tabbata. Gobara ba ta ci wa kowa shari'a. Ta dai sa dole a saurari mutane da kyau.

A 2002, a shari'ar Charles, an amince cewa ƙugin kunne, wannan ƙarar da mutum yake ji shi kaɗai bayan ya daɗe kusa da bindiga ko injin jirgi, abu ne da mai shi zai iya shaidawa da kansa. A 2007, a shari'ar Barr, aka ce haka ma jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka murɗe, ido na iya ganinsu. Amma a ganina hukuncin da ya fi taɓa iyalai shi ne na Buchanan a 2006. Wannan mutum taɓin hankali yake fama da shi, 'yan uwa da abokai suka rubuta cewa tun lokacin aikin soja suka ga ya sauya. Hukumar sauraron ƙorafi ta ma'aikatar VA ta ture shaidar saboda babu takardar asibiti ta wancan lokaci da ke mara mata baya. Kotu ta ce ba a yin haka. Ana iya duba ko mai shaida yana da son zuciya, ana iya duba ko maganarsa tana karo da juna, ana ma iya sa rashin takardar a cikin ma'auni, amma ba za a ce shaida ƙarya ce don kawai takarda ba ta raka ta ba.

Idan aka duba da kyau, abin da kotunan suka yi shi ne raba tambaya biyu da mutane kan cakuɗa. Ta farko: wannan mutum yana da hurumin faɗin wannan magana? Ta biyu: an yarda da shi? Takarda tana iya tsallake ta farko ta faɗi a ta biyu. Yawancin wasiƙun da ke faɗuwa, a ɗaya daga cikin waɗannan ramuka biyu suke faɗawa.

Akwai rukuni biyu na mutanen da doka ta sassauta wa musamman, saboda ta san yanayinsu ba ya barin takarda.

Na farko waɗanda suka yi gaba da gaba da abokan gaba. Ana ruwan harsashi babu mai buɗe littafin rajista. Sashe na 1154(b) na dokar tsofaffin sojoji ya ce idan soja ya shiga faɗa, za a karɓi maganarsa ko ta abokansa a kan cewa rauni ya same shi, matuƙar ta dace da yanayi da wahalhalun wannan aiki, ko babu komai a rubuce. Sai da hujja ƙarara mai ƙarfi za a iya ture ta. Sassaucin ya tsaya ne a dutse na biyu kawai, bai ɗauke buƙatar nuna ciwon yanzu da alaƙarsa da aikin ba. A 2010 kuma aka ƙara buɗe ƙofa ga masu ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda ake taƙaitawa da PTSD: wanda ya zauna cikin fargabar harin abokan gaba ko na 'yan ta'adda, kamar direban da ke bin hanyoyin Iraƙi da ake dasa bama-bamai, ba sai ya kawo takardar wani hari guda ba, idan likitan ƙwaƙwalwa na ma'aikatar ya tabbatar fargabar ta isa ta haifar da ciwon.

Na biyu waɗanda aka ci wa zarafi a cikin bariki, musamman ta hanyar fyaɗe, mata da maza. Da yawa ba sa kai ƙara, don wani lokacin wanda za a kai wa ƙarar shi ne mai laifin, ko abokinsa ne. Ƙa'idar ma'aikatar ta lissafa a fili cewa ana iya karɓar magana daga 'yan uwa, da abokan ɗaki, da abokan aiki, da malaman addini. Ta kuma ce sauyin hali hujja ne: neman canjin wurin aiki ba zato ba tsammani, lalacewar ƙwazo, faɗawa shaye-shaye, baƙin ciki ko firgita da ba a san dalilinsu ba. Abin lura a nan, mai shaidar ba sai ya san abin da ya faru ba. Yayar da za ta rubuta cewa ƙanwarta takan buga mata waya duk Lahadi, sai daga wani wata ta ɗauke ɗif, da ta zo hutu kuma ba ta iya barci sai ta tokare ƙofa da kujera, ta ba da shaida mai nauyi ko da ba a taɓa buɗe mata cikin ba. Wannan ce shaidar da ta fi kowacce tsabta, don mai ita ba ta san me take tabbatarwa ba a lokacin da ta gani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Bayan an shigar da nema, galibi ana kiran tsohon sojan zuwa gwajin likita. Zama ne guda, sau da yawa gajere, a rana guda. Idan ranar ta zo daidai da lokacin da bayan ya lafa, likita zai ga mutum ya sunkuya ya miƙe lafiya. Ga kuma halin soja: an tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wannan kalma tana shiga rahoto.

A nan matar aure ta fi kowa daraja. Ita ta san darare nawa yake tashi a firgice jiƙe da gumi. Ita ta san ya daina zuwa kasuwa saboda cunkoso, kuma idan sun shiga gidan abinci sai ya zauna inda bayansa ke jingine da bango yana fuskantar ƙofa. Ita ke jin numfashinsa ya ɗauke cikin barci har sai ta taɓa shi, abin da shi kansa bai san yana yi ba.

Dalilin da ya sa irin wannan bayani yake aiki shi ne jadawalin da ake auna nakasa da shi, da ƙidaya aka gina shi. Ɗauki ciwon ɓarin kai. Idan irin wanda ke kwantar da mutum yana zuwa kamar sau ɗaya a wata biyu, kashi 10 ne. Sau ɗaya a wata, kashi 30. Idan yana zuwa a kai a kai, yana daɗewa, har yana taɓa hanyar neman abinci sosai, kashi 50. Babu hoton asibitin da zai nuna sau nawa mutum ya shige ɗaki ya ja labule ya kashe fitila a watan jiya. Matarsa ce ta sani, ko ɗansa da aka hana kunna talabijin. Haka ciwon ƙwaƙwalwa: ana ba shi sifili, 10, 30, 50, 70 ko 100, gwargwadon yadda ya ɓata aiki da zaman tare da mutane. Zaman tare kuwa, waɗanda ake zaune da su ne shaidunsa. Ko a ciwon gaɓɓai, kotu ta ce a shari'ar Sharp ta 2017 dole likita ya yi la'akari da ranakun da ciwon ke tashi, ya ƙiyasta abin da mutum ke rasawa a cikinsu daga bayanin da aka ba shi, ko da bai gani da idonsa ba.

Shugaban wurin aiki ko abokin aiki shi ma yana da nasa gurbi, musamman ga wanda ke neman a biya shi kamar mai kashi 100 saboda ciwon ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa. A ƙa'ida ana duba wannan ga mai ciwo guda da ya kai kashi 60, ko mai jimillar 70 da ɗaya daga ciki ya kai 40. Wanda zai rubuta cewa a wata shida na ƙarshe mutumin nan ya yi fashin kwana kaza, an sauke shi daga ɗaukar kaya zuwa tebur, daga baya teburin ma ya gagara, ya faɗi abin da likita ba shi da hanyar sani.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. Mutum idan aka ce ya rubuta wa abokinsa takarda, abin da ke fara zuwa masa shi ne yabo. Sai ka ga shafi guda cur: jarumi ne, mai kishin ƙasa, bai taɓa ƙorafi ba, ya cancanci duk wani taimako. Niyya mai kyau ce, amma jami'in da ke riƙe da fayil ba zai sami komai da zai ɗauka ba. Kalmar "bai taɓa ƙorafi ba" ma tana iya juyawa ta sari mai ita, don abin da ake ƙoƙarin nunawa ke nan, cewa ciwon yana nan tun lokacin.

Kwatanta waɗannan biyun, duka misalai ne na ƙirƙira don bayani. Na farko: "Na san shi shekara ashirin, mutumin kirki ne, kuma na tabbata aikin soja ne ya jawo masa ciwon baya." Na biyu: "Rukuninmu ɗaya daga 2006 zuwa 2008. Wata rana a lokacin zafi muna sauke akwatunan harsashi daga babbar mota, na ga ya saki akwati ya durƙusa yana riƙe da ƙugu. Ni da wani muka kai shi tanti. Bai je asibiti ba don washegari za mu fita. Daga ranar na ga yana kwana a ƙasa maimakon gado, kuma ni nake ɗaukar masa jaka idan tafiya ta yi nisa." Na farkon ya yanke hukuncin da ba nasa ba ne. Na biyun bai ambaci sunan wata cuta ba, amma ya ba da wuri da lokaci da abin da ya faru, ya kuma bayyana dalilin da ya sa fayil ya yi shiru. Jami'i zai iya ɗaukar shekarun ya gwada da takardun rukunin ya ga lalle su biyun suna wuri ɗaya.

Ba a buƙatar ainihin ranar wata. Wanda ya ce a lokacin sanyi ne, jim kaɗan bayan mun dawo daga hutu, ya fi wanda ya ƙirƙiro kwanan wata don takarda ta yi kyau, daga baya a gano a ranar ma ba ya ƙasar. Kuskure guda irin wannan yana iya shafa wa sauran maganar baƙin jini. Haka idan wasiƙu huɗu suka zo da kalmomi iri ɗaya, layi bisa layi, kowa zai gane hannu ɗaya ne ya rubuta aka raba wa mutane su sa hannu. Gara kowa ya faɗi guntun da ya sani da bakinsa, ko da rubutun bai yi kyau ba. Uwa ta san yadda yake kafin ya tafi. Aboki ya san ranar da abin ya faru. Mata ta san yau. Idan aka jera su, sai su zama igiya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma ga wasu cututtuka masu daɗewa da doka ta lissafa, kamar amosanin gaɓɓai da hawan jini, nuna cewa alamomin ba su yanke ba tun daga aiki har yau hanya ce ta kanta ta tabbatar da alaƙa.

Akwai masu cewa ai mata ko uwa tana da amfani a cikin kuɗin, ta yaya za a yarda da ita? Gaskiya ne ana iya sa wannan a ma'auni, amma ba ya zama dalilin watsar da magana shi kaɗai. Abin da ya fi kashe shaida shi ne karo da abin da aka riga aka rubuta. Idan mata ta ce shekara biyar ba ya iya tafiya mai nisa, rahoton likita na bara kuma ya ce ya gaya musu yana gudun motsa jiki kowace safiya, takardar ta mutu. Ƙarya da gangan kuwa laifi ne a dokar tarayya, hukuncinsa na iya kaiwa shekara biyar a gidan yari, kuma ya shafi mai shaida kamar yadda ya shafi mai nema.

Abin da ke ba ƙaramar takarda ƙarfi shi ne mizanin da ake amfani da shi. A nan ba a neman hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto kamar a shari'ar laifi. Doka ta ce idan hujjojin da ke goyon baya da waɗanda ke adawa sun yi kusan kunnen doki, tsohon soja ne ya ci. Shari'ar Gilbert ta 1990 ce ta shimfiɗa wannan dalla-dalla. Shi ya sa tambayar da ake yi wa likita ita ce ko yiwuwar alaƙar ta kai rabi, ba ko ya tabbata ɗari bisa ɗari ba. A irin wannan sikeli, wasiƙa ɗaya mai gaskiya tana iya zama tsakuwar da za ta daidaita shi. Tana kuma yin wani aikin a ɓoye: likitan da zai ba da ra'ayi dole ya duba ta, kuma ra'ayin da ya ce babu alaƙa don kawai fayil bai nuna komai ba, alhali ga shaidar mutane a gabansa bai tanka mata ba, ana iya ƙalubalantarsa a ce bai cika ba.

Dokar PACT da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta rage wa wasu wannan wahala. Ga waɗanda suka yi aiki a wurare irin su Iraƙi da Afganistan, inda aka riƙa ƙona shara a manyan ramuka kusa da sansani, an lissafa cututtukan huhu da nau'o'in sankara da za a ɗauka kai tsaye cewa aikin ne ya jawo su. A nan dutse na uku ya zo a shirye. Amma tsananin ciwon yana nan yana jiran mai faɗa.

Lokacin miƙa takardar ma yana da muhimmanci, kuma mutane da yawa sun yi asara a nan. Mafi kyau a haɗa ta da neman tun farko, tare da fom ɗin neman diyya mai lamba 21-526EZ. Idan an riga an ƙi, tsarin da ya fara aiki a Fabrairun 2019 ya ba da hanya uku. Akwai sake nema da sabuwar hujja mai alaƙa da batun, kuma wasiƙar aboki da ba a taɓa gani ba tana iya zama wannan sabuwar hujja. Akwai neman babban jami'i ya sake duba fayil, amma a wannan hanya ba a karɓar sabon abu ko ɗaya, don haka wanda ya aika wasiƙa ta nan ya zuba ruwa a rariya. Akwai kuma zuwa gaban hukumar sauraron ƙorafi, inda ya danganta da layin da aka zaɓa: wani yana karɓar hujja, wani ba ya karɓa. Yin motsi cikin shekara ɗaya daga ranar hukunci shi ke kare ranar da za a fara lissafin kuɗi. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilan da aka amince da su, suna taimakawa a kan duk wannan kyauta.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai iya cewa ina ruwana. Ruwan shi ne mai katin zama na dindindin a Amurka yana iya shiga aikin soja, kuma 'yan Afirka ta Yamma suna cikin masu shiga. Wata rana ana iya bugo waya gida a ce Hajiya ta faɗi yadda ɗanta yake kafin ya tafi da yadda ta gan shi da ya zo ganin gida, ko a ce wa yaya ya rubuta. Doka ba ta ce sai ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka ne zai ba da shaida ba. A nan ne tarbiyyarmu za ta yi karo da abin da takardar ke so. An koya mana rufin asiri. An koya mana idan an tambayi jikin mara lafiya a ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da daren jiya ba a runtsa ba. Uwa ma, saboda kunya da kara, ba ta son bayyana rauni a kan ɗanta, balle ta rubuta wa baƙi cewa ya daina wanka sai an matsa masa, ko ya daka wa ƙaninsa tsawa har yaron ya ɓuya don kawai ya buga ƙofa da ƙarfi. Amma rashin kula da tsabtar jiki da kasa riƙe fushi suna cikin alamomin da jadawalin ya ambata da suna a matakin kashi 70. Jami'in da ke karantawa bai san "da sauƙi" gaisuwa ce ba. Zai ɗauke ta yadda aka rubuta, ya sa a fayil cewa iyali sun ce yana samun sauƙi.